Kofunan da Ba Su Ga Kunu Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Talatar da ta wuce, ina zaune a barandar gidan ɗana a Uke, ni da matarsa Hadiza, ba kowa sai mu biyu, ruwa ya sauko. Ban san lokacin da na ce, "Yau mudu takwas ne" ba. Hadiza ta ajiye tsintsiya ta ce, "Mama, mudu takwas na me? Mu huɗu ne fa a gidan nan." Na ce mata ta ci gaba da shararta. Amma tun daga ranar abin bai bar raina ba, shi ya sa na zauna in rubuta shi bi da bi, yadda ya faru.

Shekarar da nake magana, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ina Durumi a lokacin, shekara biyu bayan rasuwar maigidana. Farar hula na mulki, kuɗi na yawo a Abuja, duk inda ka ɗaga ido bene ne ke tashi. Masu ɗaukar bulo da kwaɓa siminti na waɗannan benayen, da yawansu a unguwarmu suke kwana, mutum shida ko bakwai a ɗakin langa-langa guda, matansu na can garuruwansu. Ba mai dafa musu. Saboda su ne masallacin layinmu ke yin kunun buɗa-baki da ƙosai duk azumi, kuma shekara uku a jere ni ke riƙe da tukunyar. Inna Rabi ake ce mini. Ina da mataimakiya guda, maƙwabciyata Talatu, mace mai ƙarfi da yawan tsokana.

Ga yadda aikin yake. Bayan la'asar ladan, Malam Isa, ya buɗe sito ya auno mini geron gobe. A surfa, a wanke, a jiƙa. Da safe Talatu ta ɗora a kai ta kai markaɗe, tana tsallake kwatoci, jan taɓo har idon sawu. Ta dawo mu tace, mu bar gasara ta kwanta. Ƙarfe biyu a jiƙa tsamiya, a gyara wake. Ƙarfe huɗu a hura wuta. Wutar ce babbar wahala, domin a watan nan babu busasshen itace a Durumi. Hayaƙi ya cika rumfar, ido na hawaye, maƙogwaro a bushe, ga ruwa na zuba daga bakin kwano a gabanka ba halin ka sha. Ƙarfe shida a dama. Kafin kiran salla Malam Isa ya kwashi bokitai da kofuna ya kai wa maza. Bayan magariba kofuna su dawo, mu wanke, mu kife. Kofunan roba ne guda ɗari biyu, wani ɗan kasuwar Wuse ya ba masallaci sadaka.

Wanda ya ɗauki nauyin gero a shekarar shi ne Alhaji Sagir, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, sashen tsare-tsare. Ba a unguwarmu yake ba, amma ƙanwar mahaifiyarsa na nan, yana zuwa duba ta. Mutumin kirki ne, ba ya son ɓarna, kuma komai sai da takarda. Hajiya yake ce mini, alhali ban taɓa zuwa Makka ba. Ranar farko ya ce, "Hajiya, satin nan ki dafa yadda kika saba, amma ki riƙa ƙirga mini kofuna. Daga nan sai mu tsara."

Kuskuren farko nawa ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ƙirga, amma a dunƙule. Kullum in ƙara na yau a kan na jiya, in goge na jiyan. Ranar bakwai na aika masa lamba ɗaya tak: ɗari bakwai da talatin da biyar. Ya raba gida bakwai, ya samu ɗari da biyar. Lissafinsa daidai ne, na sake yi da kaina. Mudu ɗaya na gero yana ba da kofi ashirin da ɗan abin da ba a rasa ba, don haka ya ce wa Malam Isa kullum mudu biyar, kada a ƙara, kada a rage, kuma a dame shi duka a ranar.

Ranar takwas ga azumi kunu ya yi saura, bokiti guda da rabi. Kunun tsamiya ba ya kwana a zafin damina. Na sa Talatu ta zaga da shi gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Ranar tara ruwa ya kwana yana zuba har hantsi. Da magariba Malam Isa ya dawo da gudu, rigarsa a jiƙe.

"Inna Rabi, akwai saura?"

"Saura na me? Tukunyar nan har ƙasanta na kankare."

"Wallahi har yanzu da sauran mutane da yawa a layi."

Na ƙara tafasasshen ruwa a ɗan abin da ya rage a bokitin ƙarshe, har ya koma kamar ruwan wankin gero. Duk da haka wasu da dabino ɗaya suka tashi. Daga rumfar ina jiyo muryoyinsu suna tafiya cikin yayyafi. Ba wanda ya yi faɗa. Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A daren na yanke abu biyu. Na farko, kowace rana da gurbinta a bayan tsohuwar kalanda, ba zan sake haɗa kwanaki ba. Na biyu ya fi wuya. Kofin da na wanke yana gaya mini wanda ya sha ne kawai, ba ya gaya mini wanda ya zo bai samu ba. Na ce wa Malam Isa ya riƙa ƙirga mini mutane. Ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi.

"Haba Inna! In tsaya kan masu azumi ina ɗaya, biyu, uku? Ai sai albarkar ta gudu. Kuma su ce mun fara yi musu gori."

"To kada ka ƙirga kowa. Duk wanda ya zauna, ka sa masa kofi a hannu. In kunu ya ƙare, ka zuba masa ruwa. Ka dawo mini da kofunan, kada ka ɗauraye ko ɗaya."

"Sai ki yi me da su?"

"Ni da kofunana ne. Kofi ba ya jin gori."

Na ranar takwas na tuna shi, na rubuta. Na ranar tara na haɗa kofunan da na wanke da ƙwallayen dabinon da Malam Isa ya sharo daga inda kunu bai kai ba. Daga ranar goma tsarin ya zauna. Kofuna su dawo, in kasa su kashi biyu a kan tabarma: masu shafar kunu a dama, waɗanda ruwa kawai suka gani a hagu. In ƙirga kowane kashi, in rubuta. Na hagun ba sa buƙatar soso. Akwai ranar da suka haura arba'in. Ni da Talatu muke jera su.

Sai magana ta fara yawo. Talatu ce ta kawo mini, ranar sha huɗu, ta dawo daga markaɗe ta dire bokiti da ƙarfi.

"Yaya Rabi, ashe mun yi arziki ba mu sani ba."

"Wane arziki?"

"A wurin inji ake cewa geron masallaci rabi tukunya, rabi ɗakinki. Wai an ga bokiti na shiga lungunku bayan magariba. Har an ce za ki sayi fili a Uke. Na ce to Allah ya sa a yanka mini gefe."

Ban yi dariya ba. Hanyar gidajen tsofaffin nan ta bakin ƙofata take bi, ba wata hanyar da ba ruwa. Wanda ya ga bokiti ya nufi lunguna ranar Litinin, ya ji mutum arba'in sun rasa kunu ranar Talata, me zai ce? Ni kaina da haka zan ce. Shekarata hamsin ba a taɓa kama ni da allurar wani ba. Ba ni da miji, ba ni da shago, abin da nake da shi a unguwar nan sunana ne kawai.

Abin da ya dame ni, lambobin ba sa zama wuri ɗaya. Yau saba'in da wani abu, gobe ɗari da hamsin. Na san da hannun ruwa a ciki, sai na fara sa alama: ranar da aka yi ruwa, ranar da ba a yi ba. Bai fita ba. Akwai ranar da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, mutum sittin da takwas kawai suka zo. Na yi kwana biyu ina kallon kalandar nan kamar mai duba.

Wanda ya warware mini wani lebura ne, Dauda, mutumin wajen Uke, dattijo mai furfura, wanda kan taya mu faskare in ba shi da aiki. Na tambaye shi me ya sa wata rana suke cika masallaci, wata rana ba a ganinsu. Hausarsa irin ta Abuja ce.

"Mama, ruwa na safe ita ce wahala. In ya zo kafin ƙarfe takwas, tifa ba ya zuwa kwashe mu, oga ya ce ba aiki. Ba aiki, ba komai a aljihu, kowa sai masallaci. In mun riga mun tafi, ko ruwa ya zo da rana mun kama aiki. Mai abinci tana can bakin gini, a can muke sha ruwa."

"'Yan ga-ruwa fa?"

"Su ma. Ruwa ta sauko da safe, kowace gida ta tara a baho. Wa zai saya na kura?"

Na koma kan kalanda na sake kasa kwanakin. Ban ƙara tambayar ko an yi ruwa ba, sai dai ƙarfe nawa aka yi shi. Nan take suka rabu gida biyu kamar an yanka da wuƙa.

Talatu ta ce, "To shi ke nan. Ranar da gari ya waye garau mu ɓoye mudu ɗaya na gasara, ranar ruwa mu fito da shi. Wa zai sani?"

Na ce, "Ana cewa ina ɓoye gero, ke kuma kina so a zo a samu ɓoyayyen a ɗakina? An ce a dame duka. Za a dame duka har sai wanda ya ba da umarnin ya canza shi da bakinsa."

Na aika wa Alhaji Sagir saƙo sau biyu, aka ce ya yi tafiyar aiki. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Ranar sha bakwai kuma wani abu ya faru daban. Gari ya waye da rana, leburori sun tafi aiki, sai bayan azahar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, rafin da ke ƙasan unguwa ya cika ya shiga ɗakuna. Mutane suka hauro masallaci da tabarmi a kai. Kofi ɗari da casa'in suka fita a ranar.

Ranar ashirin ga azumi, ƙarfe huɗu da rabi, aka kira ni zauren Liman. Akwai Liman, da Alhaji Sagir, da Malam Isa, da dattawa biyu na kwamitin masallaci. Na bar Talatu a kan wuta. Na tafi da kalanda, da babban faranti, da wake cikin gwangwani, da tsinken tsintsiya guda.

Alhaji ne ya fara, cikin ladabi, bai dube ni ba. "Hajiya, ba wanda ke zarginki. Amma abareji, wato in an raba daidai a kan kwanaki, ɗari da biyar ne, ke kika ba ni lambar. Ana ba da na mutum ɗari da biyar, ana cewa ba ya isa, ana kuma ganin bokiti na fita. Kwamiti na ganin ko a huta da ke, a ba wata mai abinci daga Wuse kwanakin da suka rage."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an karɓi tukunyar nan yau, gobe ba sai an faɗi dalili ba, kowa ya riga ya sani. Ina roƙon minti goma."

Liman ya ce, "Bismillah."

Na ajiye faranti a tsakiya. Na ce kowace ƙwayar wake kofi goma ce, kowane layi rana ɗaya, daga takwas ga wata zuwa sha tara. Na jera kwana biyar na ruwan safe a sama, ina faɗar lambobinsu: ɗari da talatin da tara, ɗari da arba'in da shida, ɗari da hamsin da ɗaya, ɗari da hamsin da biyar, ɗari da sittin da uku. A ƙasa na jera kwana bakwai da leburori suka fita aiki: sittin da shida, sittin da takwas, saba'in da ɗaya, saba'in da biyu, saba'in da huɗu, saba'in da bakwai, sai ɗari da casa'in. Sannan na ɗauki tsinken na gitta shi a kan layukan, daidai wake goma da rabi.

"Ga ɗari da biyar ɗinka, Alhaji. Ka nuna mini layin da ya tsaya a kansa."

Ya sunkuya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Layukan sama duk sun zarce tsinken da nisa, na ƙasa sun tsaya can baya, in ban da guda.

"Babu," in ji shi.

"Babu ranar da mutum ɗari da biyar suka zo. Kwana goma sha biyu ina dafa wa mutanen da ba su taɓa zuwa ba. Laifina ne da na ba ka kwana bakwai a dunƙule. Da na ba ka su ɗaya-ɗaya, da ka gani kafin ni."

Ya sa yatsa a kan dogon layin ƙasa. "Wannan fa?"

"Ranar da rafi ya shiga ɗakuna. Ban cire ta ba, tunda ta faru. Amma in ka tara bakwai ɗin nan ka raba, za ta ja sauran sama, ka samu kusan casa'in, kuma shi ma ba wanda ya taɓa ganinsa. Ni jera su na yi daga ƙarami zuwa babba, na ɗauki na tsakiya. Na ƙasa saba'in da biyu. Na sama ɗari da hamsin da ɗaya."

"Hajiya, wa ya koya miki wannan? Mu sai da muka zauna aji aka koya mana."

"Aji shida na yi a garinmu. Malaminmu tsawo-tsawo yake jera mu, na tsakiya ya riƙe tuta. Ko an kawo zanƙalelen yaro an sa a ƙarshe, mai tuta ba ya yin nisa."

Ɗaya daga dattawan ya yi gyaran murya. "Duk mun ji. Amma bokitin da ke fita fa?"

Na juya kalandar na karanta gidajen da aka kai wa sauran kunu, waɗanda na riƙa rubutawa rana-rana, da sunan tsohon ko majinyacin da ke ciki. Da na zo gida na uku na ɗan dakata, domin gidan da muke zaune a zaurensa ne, wurin mahaifiyar Liman. Liman ya rufe fuska da hannun riga.

"Innalillahi. Ni da nake cewa kunun Gwaggo ya yi daɗi bana, ashe da ni aka ci geron."

Aka yi dariya, har Alhaji. Ni ban yi ba, domin da saura. Na karanta musu kofunan hagu, waɗanda suka dawo ba kunu, rana bayan rana. Na ce kowane ɗaya mutum ne da ya yini da ƙishi ya buɗe baki da ruwa a ƙofar masallacinmu. Malam Isa ya sunkuyar da kai, shi ne ya zuba ruwan da hannunsa.

Alhaji ya ce, "Me kike so a yi?"

Na ce abu uku. A bar mini geron kwana uku a hannu, domin gasara na ajiyuwa in ana canza mata ruwa. A bar ni in dubi sama ƙarfe takwas na safe: in tifa ta kwashi mutane, mudu huɗu, in ruwa ya hana, mudu takwas. Kuma a sani zai ɗan fi mudu biyar kullum cin gero, ba zan ɓoye ba, domin ba na tsakiyar zan dafa wa ba, sai na ɗan haura shi saboda na ƙarshen layi.

Alhaji ya juya. Ya miƙa hannu ga Malam Isa ya karɓi makullin sito, ya ajiye shi a kan farantin, kusa da waken. Sannan ya ce ko zan ba shi aron kalandar ya nuna wa yaransa na ofis. Na ce a'a, ya kwafa.

Kwanakin da suka rage, sau huɗu aka yi ruwan safe. Kofi shida ne kawai suka dawo ba kunu, duk a rana ɗaya, ranar da wani ɗan kwangila ya sallami ma'aikatansa ba zato. Sauran kwanakin, gefen hagu na tabarmata babu komai. Talatu ta ce ta gaji da soso, wai da can aikin ya fi sauƙi. Ranar jajibirin salla Alhaji ya zo har bakin rumfa, takalminsa mai tsada ya nutse a taɓo, ya ce, "Inna Rabi, ki yafe mini." Na yafe. Na riƙe tukunyar nan shekara huɗu bayan haka.

Yanzu jikokina na nuna mini irin layukan nan a waya, masu launi, suna tashi da kansu. Suna da kyau. Ni da wake na yi nawa, kuma ya ciyar da mutane.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Maza biyar ne suka ga farantin. Maganar wurin inji kuwa unguwa guda ce ta ji ta, kuma mutanen layinmu sun watse, wasu Karu, wasu Suleja, wasu sun koma garuruwansu. Bara a wurin wani suna wata mata ta ƙura mini ido ta ce, "Ba ke ce ta geron masallacin Durumi ba?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Iyakar abin da ya iso kunnenta ke nan.

Don haka ina roƙon mai karatu. In ka san wanda ya zauna Durumi a shekarar da azumi ya faɗo cikin damina, ka nemo shi ka karanta masa wannan daga farko har ƙarshe. Ka karanta a hankali, kuma kada ka tsallake lambobin.